Birkin Motar Malam Sharfaddeen

"Taka. Ƙara takawa. To, riƙe nan, kada ka saki sai na ce."

Muntaka tela ya danne birkin, gwiwarsa na gugar sitiyari. Motar 'yar ƙarama ce, kujera biyu, ba rufi, ta girme shi nesa ba kusa ba. Mai ita, maƙwabcinsa Malam Sharfaddeen, yana kwance a ƙarƙashinta kan buhu, ƙafafunsa kawai ake gani.

Tun yana aikin gwamnati ya saye ta a hannun wani malamin jami'a. Da ya yi ritaya ya shigo da ita tsakar gida, sai aka jera shaguna a bakin lungun nasu na Tudun Wada, hanya ta tsuke, mota ta rasa ta inda za ta fita. Shi ma tun da hawan jini ya kayar da shi bara, 'ya'yansa suka hana shi wuce masallacin unguwa. Amma bai fasa gyara ba. Kuloci ya riga ya gama da shi, ya sake roba, mai ya daina zuba. Saura birki, wanda in an taka sai ya nutse kamar soso.

"Iska ce a ciki," ya ce wa Muntaka ɗazu, da ya leƙa shagonsa. "Aikin mutum biyu ne. Kai ka taka, ni in kwance ƙusa iskar ta fita. In ka saki ban ɗaure ba, ta koma, mun yi aikin banza."

"Baba, ko an gyara, ina za ta?"

"Kai dai zo."

Yanzu birkin ya sulale ƙasa a hankali, alamar tsohon ya kwance ƙusar. Sai ƙarar sifana a kan siminti. Muntaka ya jira.

"Baba, in saki?"

Shiru. Ya ɗauka tsohon laluben sifanar yake yi. Rana na dukan ƙeyarsa. Daga inda yake ba ya hango komai sai murfin inji. Ya sake kira, da ƙarfi. Ya so ya sauka ya duba, tsoron ɓata aikin ya riƙe shi, sannan wani tsoron da ya fi wannan ya zo ya zauna masa a ƙirji.

"Inna! Inna Zinariya!"

Matar gidan ta fito daga madafa, hannunta duk gari. Ta durƙusa a gefen taya.

"Malam? Malam!"

Ta miƙa hannu ciki, ta daɗe. Can ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta ɗago.

"Muntaka, sauko ka kama mini."

"Bai ce in saki ba, Inna."

"Saki, ɗana. Ya tafi."

Ya ɗage ƙafar. Su biyu suka kama bakin buhun suka jawo shi. Man birki ya jiƙa hannun rigarsa har gwiwar hannu, fuskarsa kuwa kamar mai barci.

Bayan la'asar aka kai shi. Da Muntaka ya dawo daga maƙabarta ya shiga yi wa Inna gaisuwa, ya tarar mata sun cika tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi kewaye da motar don babu wani wuri. Wata tsohuwa ta jingina bayanta da ƙofar direba, ta miƙe ƙafafu, tana jan carbi.