Ƙwayoyin da Na Ba Yaya

Ni na ba Yaya ƙwayoyin, da hannuna. Gara in faɗi wannan tun farko.

Shekara ashirin da shida muka yi a shago ɗaya, ni da shi, muna ɗinkin kujerun mota. Shi ke awo da yanka leda, ni ke kan keke da manna soso. Ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Har na fara furfura, shi da matarsa ba su daina ce mini Auta ba. Ita kam da na yi sallama sai ta ce, "Ga ƙaramin miji ya zo leƙen tukunya." Ni kuma in ce, "Anti, babban ai ya tsufa, ki fara lallaɓa ni."

Wata safiya yana auna kujerar wata bas, almakashi ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tafi gaba ɗaya. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta hagu. Zuciyarsa ba ta bugawa daidai, jini ya yi guda a cikinta, gudan ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini, kullum, har iya rayuwa, don kada wani gudan ya sake taruwa. Ranar sallama likita ta zaunar da shi da Anti ta yi musu dogon bayani. Ni ina waje ina neman motar da za ta kai mu gida.

Anti ta riƙe shi riƙon da ban taɓa gani ba. Magungunan suna cikin wani gwangwanin alawa a saman firji, wayarta na ƙara in lokaci ya yi. Ita ke ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta kai shi banɗaki ta tsaya a kansa. Wannan na ƙarshe ya fi komai ci masa rai. A wata na biyar ya fara takawa da sanda, kuma ranar da ya shiga banɗaki shi kaɗai ya saka sakata, ya fito yana dariya da rabin baki. Ya ce mata, "Daga yau kin yi ritaya daga wannan ofis."

Bai jima ba ya dawo shago. Ba ya iya yanka, amma yana zama a kan kujerar direba da muka kafa a bakin ƙofa, ya ja layi da alli da hannun dama, ya yi mini gyara ko da ban yi kuskure ba. Abin da ya dame shi kafaɗa ce. Hannun da ya mutu yana rataye, nauyinsa na jan gaɓar, ciwon kuma ba ya barinsa ko kaɗan. Farasitamol kawai aka yarje masa, shi ma da ƙa'ida.

Ni kuma keke ya daɗe da cinye mini baya. Akwai wasu ƙwayoyi da nake saye a kyamis ɗin ƙarshen layi, diklofenak, na ajiye su a aljihun teburin keke tare da allurai. Wata rana ya ga na haɗiyi ɗaya, bayan ɗan lokaci na miƙe ina ɗaga kujera kamar ba ni ba.

"Auta, mene ne wannan?"

"Na ciwon baya ne."

"Ba ni ɗaya."

"Anti ta ce kada a ba ka komai in ba daga gwangwaninta ba."

"Antinka ba ita ke ɗauke da kafaɗar nan ba. Waccan farar ƙwayar da ruwa duk ɗaya." Ya kawar da fuska wajen titi. "Tun da na kwanta ban roƙe ka komai ba."

Gaskiya ne, bai roƙa ba. Na ɓalle ɗaya na ba shi. A raina na ce maganin da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, kowa na sha, me zai yi?

Ranar ya yi hira da abokan ciniki har da tsokana. Washegari ya sake miƙo hannu. Daga ɗaya aka koma biyu, safe da la'asar, sau da yawa ba komai a cikinsa sai shayi. Sati uku muka yi a haka. Ina jin daɗin ganinsa ya warware, har ina ji kamar na fi Anti sanin abin da yake bukata.

Na ga alamu, ban karanta su ba. Ƙusar kujera ta ɗan karce shi a yatsa, jini ya ƙi tsayawa har sai da muka naɗe da ƙyalle sau biyu. Leɓɓansa suka yi fari. Hawa matakala biyun shago ya fara sa shi haki. Anti ta ga wani tabo shuɗi a cinyarsa, ya ce gado ya buge. Ta ce za ta faɗa wa likita ranar da za su koma, saura kwana goma.

Wata Talata bayan azahar ya ce jiri yake ji. Na kawo masa ruwa, bai kai ga sha ba ya yi amai a kan ledar da na shimfiɗa. Baƙi ne, kamar jiƙaƙƙen garin gawayi, daga baya ja ya biyo. Mai walda na kusa da mu ya taya ni muka sa shi a motar wani da ya kawo gyara.

A asibiti likitar nan dai ta fito ta same mu a baranda, ni da Anti. Ta ce jini ke zuba a cikinsa, kuma ya gaya mata ya fi sati yana ganin bayan gidansa baƙi kamar kwalta.

Anti ta ce, "Bai faɗa mini ba."

"Ya ce in ya faɗa, za ki koma raka shi banɗaki." Likitar ta dube mu. "Ban da abin da na rubuta, yana shan wani abu? Na ciwon jiki, na mura, ko na gargajiya?"

Anti ta ce, "Babu. Ni ke ba shi da hannuna."

Na sa hannu a aljihu na ciro sauran katin ƙwayoyin. Likitar ta karɓa ta juya shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce irin wannan da 'yan'uwansa, su ibufurofen da asfirin, suna cin bangon ciki, kuma suna ƙara hana jini tsayawa. Ga mai shan maganin tsinka jini, ƙaramin gyambo sai ya zama famfo. Ta ce da an gaya mata farasitamol ba ya riƙe shi, akwai abin da za a yi wa kafaɗar, ko majanyin da zai tallafe hannun, ko gasa kafaɗar, ko wani maganin da ba ya faɗa da nasa.

Anti ba ta kalle ni ba. Ta tambayi inda ake gwajin masu ba da jini, ta wuce.

Jini leda huɗu aka ƙara masa, ɗaya tawa ce. Aka zura masa na'ura ta maƙogwaro aka toshe inda ke zubar. Amma dole aka dakatar da maganin tsinka jinin. Likita ta ce in an ba shi yanzu zubar za ta dawo, in an hana shi kuma guda na iya taruwa, sai dai a jira cikin ya ɗan warke.

A kwana na huɗu ya farfaɗo sosai. Ya ga yadda Anti ke ba ni baya in na shigo, ya kira ta.

"Ni na roƙe shi. Ina wurin aka yi bayanin, na ji da kunnena. Shi bai ji ba."

"Ya ji nawa," in ji ta. Ta gyara masa matashi.

A kwana na tara, ana shirin mayar da shi kan maganin, Anti na ba shi shayi da safe, sai shayin ya biyo gefen bakinsa. Wannan karon ɓarin dama ne, kuma ya tafi da maganarsa.

Yau wata bakwai ke nan. An mayar da gadonsa falo don ɗakin ya yi wa keken guragu kaɗan. Ana juya shi akai-akai saboda gyambon kwanciya, Anti kuma ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai, don haka kafin in buɗe shago nake zuwa, in dawo da rana, in sake dawowa da yamma. Muna kama zanin gado, ita ta kai ni ta ƙafa, mu ƙirga uku mu juya. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Tana gaishe ni, tana zuba mini abinci, in ta buƙaci wani abu ta faɗa a taƙaice.

Ran Juma'a nake yi masa aski. Idonsa na bin hannuna duk inda ya yi. Wani lokaci yana motsa baki, wani sauti ya fito, in sunkuya in kai kunne. Anti takan ce ruwa yake so, ta tashi ta ɗebo.