Muryar Baba Mai Agogo

"Ya shiga?" in ji matar Baba Mai Agogo daga bakin ƙofar shago. "Tun safe yake tambaya."

"Saura ƙiris, Inna," in ji Mai Faifai, bai ko waiwayo ba. Ƙarya ya shara mata, gumi kuwa har cikin kunnensa.

Shekara goma sha biyu ke nan bango ɗaya ne tsakanin shagonsa na ɗaukar bidiyo da ɗakin tsohon. Da ciwo ya kwantar da Baba, sai ya sa shi ya kafa masa kyamara, ya yi wa 'yarsa magana ta awa uku cur. Ita kurma ce, tana aure can nesa. Leɓe take karantawa. Tun tana ƙarama haka take zama gaban ubanta, ido a bakinsa, hannu a ƙirjinsa.

"Faifai ɗaya nake so," in ji Baba ranar. "In ka raba biyu ɗaya zai ɓata, yarinya ta tashi da rabin uba."

To, faifai ba buhu ba ne balle a danna da ƙafa. Duk sanda ya matse hoton don ya shiga, sai bakin tsohon ya dagule, ba ka bambance leɓe da gemu. Ga kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, ƙarar da ya sani sarai: ma'ajiyarta na gab da mutuwa. Katin kyamarar kuwa tuni ya goge ya ɗauki wani aiki a kai. Tsoro ya kama shi sosai. Ta bango yana jiyo tarin Baba, kowane tari ya fi na baya rauni.

Can dabara ta faɗo masa. Sautin ma ai wuri yake ci. Me kurma za ta yi da murya? Ya cire sautin kaf, ya rage matsin, ya duba. Leɓe ya fito tar, har tsagar haƙorin gaba.

Ya zura faifai, ya tsura ido ga layin da ke cika a fuskar kwamfutar. Faifan na fitowa kwamfutar ta ɗauke, ba ta ƙara tashi ba. Ya ruga gidan da gudu.

"Baba, ya shiga! Duka, a guda ɗaya!"

Tsohon ya ɗan ɗaga yatsa daga kan bargo. Kafin rana ta yi sanyi ya cika.

Sai bayan kwana biyu 'yar ta iso. Mai Faifai ya kunna mata a ɗakin uban, Inna na zaune gefen gado, agogunan da ba a gama gyarawa ba jere a kan tebur. Fuskar Baba ta cika talabijin. 'Yar ta bi leɓensa, ta yi murmushi, hawaye na zuba. Sai ta matsa kusa, ta ɗora tafinta a kan lasifika.

"Haka take jin sa," in ji Inna a hankali. "Rawar muryar take so a hannunta. Ƙara mata, ɗan nan."

Mai Faifai ya danna maɓallin ƙara sauti har ƙarshe.

Baba na ta magana. Ita kuwa ta gyara tafinta a kan lasifikar, ta ƙara dannawa, tana jira.