Inda Ƙaro Bai Ratsa Ba

Muna tsakar saka Khalfan a motata, ni na tallabe shi, matarsa Muza na biye da tukunyar iskar numfashi, sai ya ce ba asibiti za mu ba, rumfar aiki za a kai shi.

Muza ta ce likita na jiransa ƙarfe tara. Ya ce likita ya yi ta jira, huhun ba guduwa zai yi ba. Ta dube ni don in sa baki, na sunkuyar da kai. Shekara talatin da ɗaya katangarmu ɗaya a garin Ajman na bakin teku, ban taɓa ganin wanda ya juya Khalfan ba.

Da katako ya fara, a hannun mahaifinsa, suna sassaƙa jiragen kamun kifi. Da tseren jirage masu inji ya shigo sai ya koma zaren gilashi, daga baya baƙin zaren kabon da ake saƙawa kamar yadi. A shimfiɗa yadin, a jiƙa shi da ƙaro, a ɗora wani, a sa kumfa mai tauri a tsakani, a zuƙe iska, a gasa. Abin ya fito shafal, amma ya fi ƙarfe juriya. Ƙurar goge jiragen ce ta cinye masa huhu, don a zamaninsu ba mai rufe hanci, sai dai mutum ya ja gefen rawani.

A rumfar muka tarar da Humaid, babban ɗansa da ke riƙe da aikin yanzu, yana goge sabon jirgin. Shekara guda suka yi a kansa. Ranar Juma'a za a yi tsere, kuma ɗana Ganim ne zai tuƙa shi.

Khalfan ya sa na tura kujerarsa mai taya kusa da jirgin. Ya zaro tsabar dirhami ɗaya daga aljihu, ya fara ƙwanƙwasa jikin jirgin tun daga goshi, yana matsawa kaɗan-kaɗan. Amon na fita garau, kamar an buga faranti. Ma'aikata suka kashe injuna. Da muka iso ƙarƙashin mazaunin matuƙi sai amon ya mutu, kamar an buga jiƙaƙƙen kwali. Ya sake bugawa. Ya ce a yanka nan.

Humaid ya yi dariyar yaƙe. Ya ce an duba jirgin, an saka shi a ruwa sau uku, lafiya lau. In aka yanka yau, kwana huɗu ba za su isa gyara ba, wahalar shekara ta tafi a banza.

"Baba, magungunan nan da kake sha su ma suna taɓa kunne."

"Huhuna ne ya mutu, ba kunnena ba." Ya juyo gare ni. "Abu Ganim, kai ka zama gunki? Ɗanka ne fa zai zauna a nan."

Na ce ni abin da na sani game da jirgi shi ne tsoronsa. Gaskiyar magana, ina so a yanka, ina kuma jin nauyin faɗa a gaban Humaid, yaron da aka haifa a kan idona.

Humaid ya ɗauko injin yanka da kansa, fuska a murtuke. Ya cire kamar faɗin tafin hannu. A ciki yadin a bushe yake, ƙaro bai ratsa shi ba. Ya sa yatsa, abin ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ya ƙara yankawa, bushewar ta kai kamu guda. Ba sai an yi mini bayani ba. Na sha ganin yadda jiragen nan ke tashi sama su faɗo kan ruwa.

Humaid ya juya kan ma'aikata yana tambayar wanda ya yi wannan ɓarna.

"Ƙyale bayin Allah," in ji Khalfan. "Ni ne."

Ya ba da labarin a gutsure, yana hutawa tsakanin kalmomi. Cikin azumi ya zo ya ce shi zai shimfiɗa wannan wuri da hannunsa. Yana tsakiyar aiki numfashi ya ɗauke masa, ya zauna. Kafin ya miƙe ƙaro ya fara daskarewa. Ya rufe da wani yadin, ya yi shiru, don ya san in aka ji, daga ranar ba zai sake taɓa jirgi ba.

Humaid ya ajiye injin, ya sunkuya ya sumbaci goshin uban.

A hanyar komawa Khalfan ya ce in yafe masa. Wata biyu Ganim na shigowa gaishe shi, shi kuwa yana amsawa, yana sa masa albarka. Raina ya ɓaci fiye da yadda na zata. Mun wuce shatale-tale biyu kafin bakina ya buɗe, na ce na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

"To tsaya ka saya mini shayi, marowaci," ya ce.

Na tsaya. Kurɓi biyu ya yi, ya miƙo mini kofin.

Laraba aka kwantar da shi a asibiti. Alhamis bayan azahar ya cika, Muza na riƙe da hannunsa, kafin magariba mun kai shi. Ganim, da ya wuni yana fushi ranar da aka yanka jirgin, har sai da ya je ya taɓa busasshen yadin da hannunsa, shi ne ya fara shiga kabarin.

Ranar Juma'a da la'asar muna zaune a rumfar makoki a ƙofar gida, Ganim na zagayawa da butar gahawa. Daga bakin teku injunan jiragen tsere suka tashi gaba ɗaya, ƙarar ta ratso unguwa. Ya tsaya cak, butar a karkace, wani dattijo na miƙo masa kofi. Sai da ƙarar ta yi nisa, sannan ya zuba.