Bargon Leokadia da Ayabar Suruka

Ranar da Yaneth ta tumɓuke kabejin tsakar gida, Leokadia ta tsaya bakin taga tana cizon yatsa. Tun aurenta take noma kabeji a wurin nan, sai ga Yaneth ɗin, matar ɗanta Irek, wadda ya auro daga Kolombiya, ta zuba yashi da tsakuwa, ta jera wasu tsirrai masu ƙaya, ta kafa ayaba a tsakiya.

"'Yata, a Poland kike fa," in ji tsohuwar. "Mu nan ko kare sai ya nemi bayan murhu, balle ayaba."

"Mama, ki bari in gwada mana."

"Gwada. Idan ta yi 'ya'ya, ni kuma zan yi ƙwai."

Baki ne kawai irin na Leokadia. A zuci tana son yarinyar nan kamar ita ta haife ta. Irek direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai leƙo gida ba, kuma tun rasuwar mijin Leokadia ba a yi dariya a gidan ba sai da Yaneth ta zo.

Ayaba ta yi tsayi har ta wuce katanga, maƙwabta suna leƙe. Sai sanyi ya sauko. Wata safiya suka tarar ganyen ya yi baƙi, ya langwaɓe kamar tsumma. Masu ƙayar an riga an kwashe su a tukwane zuwa ɗaki, ayaba kuwa ba ta ɗaukuwa.

Yaneth ta daɗe tana kallonta. "Ni da ita duk ba 'yan nan ba ne, Mama."

Ba a jima ba ta tafi Kolombiya ganin mahaifiyarta, ba ta kuma faɗi ranar dawowa ba. Leokadia ba yarinya ba ce, ta gane mai yiwuwa ba za ta dawo ba, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Ta ɗauki wuƙa ta sare ayabar daidai gwiwa, ta tula mata karan alkama yadda suke binne dankali, amma hankalinta bai kwanta ba. Sai ta shiga ɗaki ta ciro bargonta na aure, wanda ita da mahaifiyarta suka fige gashin agwagwar da aka cusa a cikinsa da hannu. Ta naɗe kututturen da shi, ta rufa leda, ta ɗaure da igiya.

Maƙwabciyarta Genowefa ta leƙo ta katanga. "Leokadia, kin haukace ne? Bargon aurenki?"

"Naki na ɗauka?"

Haka ta yi watannin ƙanƙara tana kwana cikin tsohuwar rigar sanyin mijinta, tana tari, tana tsine wa ayaba da wanda ya fara shuka ta. Kullum da safe kuma sai ta fita ta share ƙanƙarar da ta taru a kan ledar.

Da shamuwa suka dawo kan turken lantarki, alamar sanyi ya wuce, ta kira Yaneth ta wayar da ake ganin juna, ta jingina wayar da bokiti, ta kwance igiyar. Kututturen ya ruɓe, ya yi laushi, har da wari. Ta sa hannu tana ture karan don ta ɓoye hawayenta, sai yatsanta ya taɓa wani abu mai tauri. A gefen uwar, wani ɗan tsiro kore ya huda ƙasa, a naɗe, bai fi tsawon yatsa ba.

Yaneth ta matso da fuskarta kusa da wayar. Ba tsiron take kallo ba.

"Mama, wannan ba bargonki ba ne? To da me kika lulluɓa duk sanyin nan?"

"Ke dai dubi 'yarki, ki bar tambaya."

"Kada ki cika mata ruwa," in ji Yaneth. "Ba ki iya ba. Ki bari in zo."