Simintin Gindin Maɗaci

Ba ƙiyayya ce ta kusa kashe maɗacin layinmu ba, ƙauna ce, kuma ita ta fi wuyar magani.

Bishiyar tana daidai tagar ɗakina. Tun rasuwar matata na kwaso littattafaina na dawo ɗakin nan, don shi kaɗai ne rana ba ta gasawa a gidan. In maɗacin ya mutu, ba ni da zaɓi sai komawa gidan 'yata, inda talabijin ke tashi kafin mutane.

Kwamitin layi ne ya ga ya dace a karrama bishiyar. Shugabansu, Mai Kemis, ya kawo Magini, aka malale gindinta da siminti har ya rungume kututturen, aka shimfiɗa tayil, aka zagaye da benci. Kowa ya yaba. Da damina ta sauka, ruwa ya riƙa zamewa a kan tayil yana faɗawa kwata. Kafin shekara ta zagayo ganye ya fara zuba ba lokacinsa ba, reshen da ke kan tagata ya bushe.

Na sami Mai Kemis a shagonsa.

"Kun shaƙe ta," na ce.

"Haba Malam, mu da muka yi mata gata? Doka cewa ta yi kada a sare. Wa ya sare?"

"Kai ma in aka toshe maka hanci da baki, ai ba a yanka ka ba."

"Maganin hawan jininka ne ya ƙare?" in ji shi, yana miƙa hannu kan kanta.

Abin haushin, yana da gaskiya. Tsohuwar dokar, gatari kawai ta sani.

'Yata ce ta ji a rediyo cewa hukumar gari za ta sabunta dokar kare bishiyoyi, ana neman ra'ayin jama'a. Ita da ta daɗe tana roƙona in koma wurinta, ita ce ta zo da mota ta ɗauke ni.

Zauren cike yake da kujerun roba da masu son jin muryarsu. Wani ya ce a ninka tara, wani ya ce a shafa wa kowace bishiya farin fenti. Da aka zo kaina na faro daga lambunan biranen da suka shuɗe. Jami'ar da ke jagorantar zaman, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta ɗaga hannu.

"Baba, a gafarce ni. Me ke damun bishiyarka?"

"Siminti."

"Har jikinta?"

"Har wuya."

Ta ajiye biro. Ta ce ta sha faɗar wannan a ofis, ana ce mata ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi. "Yau ga mai ƙorafi Allah ya kawo mini."

An daɗe ana kirana da wannan suna, amma ranar ce karon farko da ya yi wa wani amfani.

Sabuwar dokar ta fito da sakin layi guda a kan haka: a bar wa kowace bishiya buɗaɗɗiyar ƙasa a gindinta, wanda ya riga ya malale kuma ya fasa.

Mai Kemis ya daina gaishe ni. Magini kuwa ya iso da guduma da diga.

"Malam, ka sa zan rushe aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba."

"Kyan ne ya yi yawa."

Ya yi dariya, ya durƙusa. Kusa da saiwa ya ajiye diga, ya riƙa ɓamɓarewa da hannu. Ƙasar da ta bayyana busasshiya ce kamar toka. Can sai ga Mai Kemis da bokiti a kowane hannu, ya juye ruwan a gindin bishiyar ba tare da ya dube ni ba.

"Don ita na yi, ba don kai ba."

"Ita ma ba ta ce ka yi don ni ba."

Reshen da ya bushe bai dawo ba. Yanzu ranar la'asar tana shigowa ta kusurwa, dole na ja teburina gefe. Amma sauran rassan sun yi toho, jajaye-jajaye.

'Yata ta zo, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsu.

"To Baba, ɗakin da na gyara maka sai in ba yara."

"Ba su," na ce. "Na gode, kin ji."

Ta juyo ta dube ni da kyau, ta tambaya ko lafiyata ƙalau.