Bangon da Ya Haihu

Da safiyar Asabar Aukje ta buga min ƙofa, tana tari kamar tsohuwar akuya.

"Ke Griet, zo ki ga abin da bangona ya haifa."

Ni da Aukje ba shiri muke ba, tun ranar da ta ce miyar wakena ruwan wanki ce. Amma a kira ni kallo in ƙi? Na bi ta. A bayan kujerarta laimar kwaɗi ce ta tsiro reras, farare tas, ɗakin na warin tsohuwar rijiya.

Gidajen namu sababbi ne. Hukumar gidaje ta rushe tsohon layinmu na bulo a gefen Groningen, ta kwaso mu, tsofaffi da matan da mazansu suka mutu, ta zuba a nan. Bangon ba siminti. Dusar katako ce aka bar saiwar laimar kwaɗi ta ratsa ta ta kama, aka gasa, aka yanka allo-allo. Wai gidan gobe. Mu da gobenmu ba yawa, a kanmu aka fara gwaji. Kowane mako baƙi na zuwa, su shafa bango, su ɗauke mu hoto ta taga, tunda mu ba ma sakin labule.

* * *

Mai zanen ginin, wani siririn yaro Jelmer, ya zo a kan kekensa, tare da Sjoerd, ɗan Aukje tilo, wanda sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarsa. Na shiga gidan Aukje da sunan aron sukari, na zauna.

Jelmer ya taɓa bangon, ya yamutsa fuska, ya dubi Aukje. "Iya, ruwa kike sa masa?"

"Kowace Asabar, da sabulu. Haka uwata ta yi. Ni ba ƙazama ba ce."

"Ai mun yi muku bayani ranar buɗewa."

"Da Turanci ka yi wa baƙinka, ɗan nan. Mu biskit aka miƙo mana."

"To wataƙila gashin ne bai yi ba," na ce. "Ko burodi in ya fito ɗanye ai yakan yi fumfuna."

Bai ko dube ni ba. Ya ja Sjoerd gefe, yana magana ƙasa-ƙasa, sai dai kunnena bai tsufa ba. Gidan ya ci lambar yabo. Laifin ba na bango ba ne. Shin mahaifiyar tasa na iya kula da kanta kuwa? Akwai ɗaki a gidan tsofaffi.

Na ga fuskar Sjoerd ta saki, kamar an sauke masa kaya.

"Mama, can za a riƙa kula da ke."

"Rufe min baki, sakarai! Ni na wanke maka gindi. Bangonsu ya ruɓe, ni za ku kwashe?"

"Kin ji irin abin da nake faɗa. Kin fara rikicewa."

Ta ɗaga hannu za ta mare shi, tari ya sarƙe ta, ta dafa kujera. Ba wanda ya tambayi inda tarin ya samo asali.

* * *

Ranar da aka zo ɗaukar ta, duk layin na tsaye a taga. Ta ƙi sandar da aka miƙa mata. Da ta zo saitina ta tsaya.

"Munafuka, ki ji daɗin gulma."

"Ki gaida mutanen can," na ce.

Kafin mako ya zagayo an kankare bangon, an shafe, an sa tukunyar fure a tagar. Baƙi suka dawo da tafinsu.

Yanzu layinmu shiru. Ba mai cewa ƙirjinsa na ciwo. Jiya na leƙa kwandon sharar tsoho Harm, maƙwabcina na dama, kamar yadda na saba. Ƙarƙashin ɓawon dankali, ya naɗe wani abu a jarida da kyau. Na buɗe, na ga laimar kwaɗi ce, na mayar na rufe. Nawa cikin tsohuwar safa nake ɗaurewa.