Inna Ƙarfe

Tukunyar ba ta kai kan murhu ba Inna ta ji abin ya sake saukowa, kamar an rataya mata dutse a mara. Ta matse ƙafafu, ta cije leɓe, ta tura tukunyar da gwiwa har ta zauna. Wani ɗumi ya bi cinyarta. Ba ta duba ba, ta san ko mene ne.

Abokiyar aikinta Gajeriya ta tambaye ta ko bayan ne kuma, Inna ta ce shi ne. Baya dai ya sha ƙazafi a wannan kicin.

Shekara da shekaru tana dafa wa 'yan makarantar kwana abinci, kuma Ƙarfe ake kiranta. Tara ta haifa, bi-da-bi, kowanne kafin cibiyarsa ta faɗi ta koma kinkimar tukwane da buhuna. Da bakinta take ba da labarin, tana dukan ƙirji, tana yi wa matan zamani dariyar ragwanci. Abin da ba ta taɓa faɗa ba shi ne tun haihuwa ta shida fitsari ya daina jin maganarta. Tari ya kawo shi, dariya ta kawo shi. Ta rage shan ruwa har leɓenta ya tsage. A gidan mutane ƙasa take zama kusa da ƙofa, ana yaba mata rashin girman kai. Daga baya mahaifar ma ta fara leƙowa, sai ta shiga banɗaki ta mayar da ita da yatsa, ta gyara tsummanta, ta fito tana faɗan an bar wuta ta mutu.

Sau ɗaya ta je asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce irinta suna da yawa, haihuwa kusa-kusa da doguwar naƙuda da ɗaukar nauyi ke jawo shi, kuma akwai magani, amma sai ta bar ɗaga kaya. Inna ta yi godiya, ta koma bakin tukunyarta.

* * *

Da yamma surukinta ya biyo ta gida, baki har kunne. Autarta ce matarsa, ba a yi mako da sallamo ta daga asibiti ba bayan haihuwa ta huɗu, wadda ta sha wuyarta ƙwarai. Ya ce mai jego lafiya lau, har ta fara hawo da jarkar ruwa bene da kanta.

“Na ce ta bari, ta ce ke ma haka kika yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Inna.”

Yabo ya kawo mata, amma gabanta ne ya faɗi. Ta ga Auta nan da shekara goma a bakin ƙofar mutane, tana tsoron yin dariya. Ba abin da zai tsayar da yarinyar sai gaskiya, gaskiyar kuwa tana ƙasan zane, inda uwa ba ta kai 'yarta. Ta ɗauki mayafi duk da haka. A hanya ta shirya maganar ta rushe ta ya fi a ƙirga.

* * *

A tsakiyar matakala ta same ta, jarka a ka, hannu ɗaya dafe da bango. Inna ta sauke jarkar da kanta, ta ja ta ɗaki, ta tura ƙofa. Jaririn na barci. Ta tsaya tana kallon labule, don ba za ta iya kallon 'yarta ba, ta faɗa mata komai: tsumman, da ƙishirwar, da abin da take mayarwa da yatsa. Ta ce ƙarfin nan da ake yabo ya cinye ta tuntuni, kada Auta ta sake taɓa jarka, ta roƙe ta don Allah.

Ta jira kuka, ko mamaki. Da ta waiwaya, Auta na zaune a bakin gado tana wasa da gefen zaninta.

“Inna, ai tun na biyu nake haka.”

“Me ya hana ki faɗa mini?”

“Na ga ke tara kika yi, ko uhum ba ki taɓa cewa ba. Sai na ɗauka ni ce raguwa.”

Inna ta zauna a gefen 'yarta. Ta ce gobe tare za su asibiti. Auta ta ce to, in an samu mai riƙe yara, in kuma famfo ya kawo ruwa. Can ta sunkuyar da kai, ta tambaya a hankali ko akwai irin ƙyallen da ya fi riƙewa, nata ba ya kai ta azahar.

Inna ta kwance zanin da ta ɗora a sama, mai taushi, ta kama bakinsa da haƙori, ta yage shi biyu. Ta shimfiɗa rabi a cinyar Auta, ta fara nuna mata yadda ake ninkewa.